Yadda za ka tuƙa motarka daga Legas zuwa Accra ta bakin teku a hutun Disamba

Idan kana da mota mai lafiya, kana da hutun kamar kwana goma a ƙarshen shekara, kuma kana so yara su ga teku da idonsu ba a waya ba, to hanyar da zan nuna maka ita ce wadda ta tashi daga Legas ta bi ta Badagry, ta faɗa Kwatano, ta ratsa Lome, ta dire Accra. Ƙasa huɗu, boda uku, teku na hagunka, wani wurin kana hango shi wani wurin iskarsa kawai kake ji, kuma duka-duka hanyar wajen kilomita 460 ce, kaɗan ta ɗara Kano zuwa Abuja. To nan ne mutane ke ruɗuwa, sai ka ji mutum ya ce ai wuni ɗaya ne, in na yi sammako a unguwar Nima ta Accra zan yi isha'i. E, manyan motocin haya suna yin ta a wuni guda, amma su kullum suna kan hanyar, sun san kowa kowa ya san su, kai kuwa baƙo ne da lambar Najeriya da iyali a baya, kuma cikin Disamba. A wannan hanyar ba nisa ke cin lokaci ba, boda ce da takardu. Saboda haka ka ware wa zuwa kaɗai kwana uku, ka kwana Kwatano, ka kwana Grand-Popo ko Lome, kuma kar ka yarda magariba ta same ka kana tuƙi.

Takardu tun watan Nuwamba ake fara haɗa su. Kowa a motar har jinjirin da ke goye sai da fasfonsa mai tambarin ECOWAS, ko takardar tafiya ta ECOWAS wadda imigireshin ke bayarwa. Biza babu, tun yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar yana da damar shiga ya zauna har kwana 90, amma dama daban takarda daban, kar ka ɗauko silif ɗin NIN ka ce da shi za ka tsallaka. Duba ranar ƙarewar fasfon, ya zamana da saura aƙalla wata shida. Sai yalo kat, katin rigakafin zazzaɓin shawara, wanda jami'an Port Health ke bayarwa. Allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, wanda ya yi ta ana jibi tafiya bai yi komai ba, kuma tun 2016 hukumar lafiya ta duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, ba sai an sake ba. Don Allah a yi allurar da gaske, a bar sayen kati ta bayan fage, cutar nan kisa take. Yara kuma a ɗaukar musu takardar haihuwa, in da ɗan ƙanwarka ko ɗan maƙwabci a cikin motar ka karɓo rubutacciyar yardar iyayensa da lambar wayarsu, saboda a wannan hanyar ana sa ido sosai kan safarar yara, kuma daidai ne a sa.

Na mota kuwa, na asali ake so ba kwafi ba: shaidar mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota, inshora, da takardar biyan kuɗin kwastan ta lokacin da aka shigo da motar. Wannan ta ƙarshe mutane da yawa ba su ma san inda suka ajiye ta ba, alhali ita za ta cece ka a dawowa, don tun Janairun 2017 aka hana shigo da motoci Najeriya ta bodar ƙasa, to mota ta fito daga ɓangaren Kwatano babu takardar kwastan ai ka san abin da za a fara zato. Ka nemi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa wajen 'yan rod sefti, ka haɗa da naka na gida. Sai Brown Card, inshorar ECOWAS da aka kafa tun 1982, ita ke tsaya maka in tsautsayi ya sa ka bugi wani ko motar wani a ƙasar da ba taka ba. Je ofishin kamfanin inshorarka ka ce su ba ka takardar a hannu, kar ka tsaya kan "ai tana ciki". In motar ba sunanka ke kai ba, ta yayanka ce ko ta ofis, to sai da takardar izini daga mai ita wadda aka buga wa hatimin kotu. Gilashi mai duhu, in na leda ne gara ka ɓare shi kafin tafiya ka huta da dogon turanci. Kowace takarda a yi mata fotokwafi kamar biyar, a ɗauki hotonta a waya, na asalin su zauna a jaka ɗaya da ba ta barin jikinka.

'Yan'uwanmu na Nijar, ku lissafinku ya ɗan bambanta tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga kuma rikicin gadar Gaya da Malanville da ya taso tun 2023, don haka ku tuntuɓi direbobin da ke bin hanyar a satin da za ku tashi kafin ku zaɓi ta inda za ku gangaro.

Motar kanta ba sai an yi dogon bayani ba. A yi sabis, a canza baƙin mai, a duba birki da fanbel da lagireto da batir, a yi alaimen. Taya a duba shekararta ba zanenta kaɗai ba, safaya ta zama da iska, jak da wilsifana su zama suna aiki. Abin kashe gobara wanda bai ƙare aiki ba, alamar nan mai kusurwa uku guda biyu, akwatin magani, tocila, igiyar jan mota. Esi kuma a gyara shi, wannan ba gayu ba ne, kai da ka baro sanyin hunturu a Kano ko Zariya za ka tarar da zafi mai danshi wanda riga ke manne wa mutum a baya tun hantsi.

In daga Arewa za ka taso, Kano zuwa Legas ta haura kilomita 1,000, ita ma tafiya ce mai zaman kanta, a raba ta biyu a kwana a hanya, a isa Legas a huta wuni guda cur kafin a fuskanci boda. Ka sani cikin Disamba ana manyan tarukan coci a kan titin Ibadan zuwa Legas, gosulo kan riƙe mutane awanni, don haka a shigo da safe. An fara aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry a 2024, ranar da Allah ya sa aka gama shi wannan tafiyar za ta zo mana har ƙofar gida, amma yanzu dai ta Legas za a bi.

Ranar tsallakawa ma zaɓenta ake. Daga 22 zuwa 24 ga Disamba duk wanda ke aiki a Legas ɗan Benin ko Togo ko Ghana yana hanyar gida da kaya niƙi-niƙi, haka kwanakin farko na Janairu kowa na komawa. Ni dai shawarata ka tsallaka kafin 20 ga wata, ko ka bari sai 26 ko 27. Daren Kirsimeti da daren shiga sabuwar shekara kuwa motarka ta kwana a fake, masu tuƙi a buge sun yi yawa a waɗannan darare.

To ranar farko. Ana sallame asuba a tayar da mota, burinka ka wuce Mile 2 da Trade Fair da Okokomaiko da Agbara kafin gari ya cika. Ka cika tanki tun kafin Badagry, amma kar ka kuskura ka ɗauki mai a jarka, a idon masu tsaron hanya jarkar fetur kusa da boda fasa-ƙwauri ce ko lita goma ce. In kuna da lokaci Badagry ta cancanci awa biyu, akwai gidan benen nan na 1845 da ake cewa shi ne na farko a Najeriya, da gidan ajiye sarƙoƙin bayi, da tsibirin Gberefu da ake shiga kwalekwale a je. Amma ni na fi son a bar ta sai a dawowa, da safe boda ta fi sauƙi. Daga Badagry zuwa Seme tafiyar gajeriya ce amma shingaye birjik, masu kaki iri-iri, wani ka wuce shi bai fi jifa ba ga wani. Sauke gilashi tun kafin ka iso, cire baƙin tabarau, rage rediyo, yi gaisuwa, ba da kwafi in an nemi takarda, na asali sai an dage. Fushi ba ya rage minti ɗaya a wannan wurin.

A Seme tun Oktoban 2018 aka buɗe ginin boda na haɗin gwiwa, jami'an Najeriya da na Benin suna harabar guda, abin ya rage wahala ƙwarai. Kana shiga wasu samari za su yo kan motar, wani da kati rataye a wuya, wani ma da Hausa zai yi maka magana, "Alhaji kawo fasfo in gama maka yanzu-yanzu". Kar fasfonka ya shiga hannun wanda ba ya zaune bayan kanta cikin kaki. In kana son ɗan jagora ba laifi, ku yi ciniki tun farko, ya nuna maka ƙofa, amma takarda a hannunka take tafiya. A kulle mota, a je wajen jami'an lafiya su ga yalo kat, a je a buga hatimin fita daga Najeriya, a buga na shiga Benin, sannan direba ya wuce wajen kwastan ya karɓo lesefase, wato izinin shigar da mota na ɗan lokaci. Kafin ka bar gaban kowace taga buɗe fasfon kowa ɗaya bayan ɗaya ka gani da idonka an buga, kuma kwanan watan daidai ne. Fasfo shida a hannu, ga rana ga yaro na kuka, da sauƙi a tsallake ɗaya, kuma ba za ka sani ba sai a boda ta gaba inda za a tambaye ka ta ina wannan yarinyar ta shigo ƙasar. Lesefasen ma karanta shi, lambar mota da lambar bodi da adadin kwanakin da aka ba ka, ka ce kana so ya kai har dawowarka ko kuma ka san sai ka yanki sabo.

Maganar kuɗi a boda, gaskiya za a nema. Akwai na hukuma irin na lesefase, shi da rasit yake zuwa, ka biya ka karɓi rasit ɗinka. Akwai kuma wanda ba shi da rasit, kuma sabon fasfo da ba a taɓa buga masa hatimi ba ya fi jawo irin wannan. Hatimi a fasfon ECOWAS ba na sayarwa ba ne. Ka tambayi rasit cikin ladabi da fara'a, ka nuna ba ka sauri, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa. Wanda ya iso boda da yamma yana tsoron dare shi ne ba ya iya jira, shi ya sa nake ta nanata sammako. Hoto ko bidiyo a harabar boda kuwa a'a, a gaya wa yara tun a mota su ajiye waya.

Canji a nan za ka fara. Benin da Togo duk sefa suke ci, don haka sau ɗaya za ka canza na ƙasa biyu. 'Yan canjin da yawansu namu ne, ka tambayi mutum biyu ko uku farashin ranar, ka ƙirga nasa tsaf kafin ka miƙa naka, ka ƙi karɓar takardar da ta yage, ka nemi ƙananan kuɗi, 'yan 500 da 1,000 da 2,000 da sulalla saboda tolget da masu kwakwa. Katin banki na naira kar ka ɗora tafiyarka a kansa. Layin MTN akwai a Benin da Ghana amma babu a Togo, kuma romin, wato amfani da layin gida a ƙasar waje, na cin kati ba kaɗan ba, gara ka sauke taswirar hanyar gaba ɗaya a Google Maps tun kana gida yadda za ta yi aiki ba data.

Seme zuwa Kwatano bai kai awa ɗaya ba, titi mai kyau, tolget a Ekpe, filayen motocin Kwatano da ka daɗe kana jin labari ga su nan a gefen hanya. Abin da zai fara ba ka tsoro shi ne 'yan acaɓa, zemijan suke ce musu, masu rawayar riga, a danja ɗaya sai ka ga sun fi ɗari sun kewaye ka hagu da dama. Kar ka yi kwana ba sigina, kar ka buɗe ƙofa ba ka duba madubi ba, kuma kar ka shiga layin da aka ware musu a gefen titi. Fetur ɗin da za ka gani cikin manyan kwalabe a bakin hanya ka bar wa masu babur, kai gidan mai za ka shiga. Masauki ka nemi mai wurin fakin a cikin gida da maigadi. Da la'asar ku je unguwar Zongo, ga babban masallaci ga masu tsire ga Hausa ko'ina, ku wuce ku ga mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022, ku ƙarasa Fidjrosse ku sha iska. In kun ƙara kwana, Ganvie garin da aka gina kan ruwa a tafkin Nokoue yara ba za su manta da shi ba, daga Abomey-Calavi ake shiga jirgin, amma ka dage sai an ba kowa rigar ruwa.

Rana ta biyu ita ce mai daɗin. Kilomita wajen 40 ka isa Wida, a allon hanya Ouidah za ka ga an rubuta. Daga tsakiyar gari akwai hanya ta kimanin kilomita 4 zuwa bakin teku, ita aka riƙa kora bayi a kai zuwa jiragen Turawa, a ƙarshenta ga ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Ku ɗauki ɗan jagora, ku bar yara su yi tambaya, cikin waɗanda aka bi da su ta nan har da mutanen da aka kamo daga can ƙasashenmu na sama, ba labarin wasu ba ne can. Garin cibiyar addinin gargajiya na Vodun ne, akwai ɗakin macizai da suke girmamawa, in ba ka son shiga ka wuce abinka ba tare da aibata kowa ba, kai baƙo ne. Wajen 10 ga Janairu suke babban bikinsu, garin kan cika maƙil, ka sa wannan a lissafin dawowa. Daga nan sai gadar tafkin Aheme, sai Come, sai Grand-Popo inda kogin Mono yake gangarowa teku, kuma in ka tambaye ni nan ya fi ko'ina daɗin kwana a duk hanyar, ba hayaniya, itatuwan kwakwa da yashi iya ganinka. Ka fito da sassafe ka ga masunta suna jan koma, mutum talatin ko fiye a igiya ɗaya suna waƙa suna ja da baya taku-taku, mata na tsaye da manyan robobi suna jira, in komar ta fito ka sayi kifi nan take yana motsi ka kai masauki a gasa muku.

Yanzu ga maganar da nake so ko ka manta komai kar ka manta ta. Tekun nan yana cin mutane. Daga Badagry har Accra igiyar ruwan tana da ƙarfi, gaɓar tana da gangara, taku uku ka ji ƙasa ta ɓace a ƙafarka, kuma akwai wani jan ruwa da ke komawa ciki wanda daga waje ba ka ganinsa, wurin ma kan yi kamar ya fi ko'ina kwanciya. Iya iyo a kogi ko dam ko kududdufin unguwa ba shi ne iya teku ba, samari su ji wannan da kyau. Yara iyakarsu idon sawu, hannunsu cikin na babba, kuma ba a juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Hajiya da 'yan mata su kula, dogon hijabi da zane in suka jiƙe nauyi suke yi su nannaɗe ƙafa, igiya ɗaya ta isa ta kayar da mutum. Wanda ruwa ya ja kar ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ya bi gefe a tsawon gaɓa har ya fita daga jan, ya ɗaga hannu. Mai son wanka ya yi a kwamin iyo na otal. Kafin kowa ya taɓa ruwa a tambayi masuntan wurin, in suka ce a'a to a'a ne.

Grand-Popo zuwa bodar Hillacondji 'yar tafiya ce, tsarin kuma irin na Seme ne, hatimin fita, hatimin shiga, lesefasen Togo. Fara da "bonjur" kafin ka miƙa komai, a ƙasashen nan shiga magana ba gaisuwa rashin kunya ne kamar dai a wajenmu. Kana shiga Togo ka mayar da agogo baya da awa ɗaya, Togo da Ghana suna bayan Najeriya da Benin, kuma ka duba manhajar lokutan salla ta gane inda kake. Gaɓar Togo gaba ɗayanta ba ta kai kilomita 60 ba. Aneho za ka fara tararwa, tsohon gari ne da ya riƙe hedikwatar mulkin Jamus kafin a mayar da ita Lome a 1897, ga ruwan tafki na haɗuwa da teku a ƙarƙashin gada, wurin tsayawa ne a sha kwakwa. Kusa da tashar jiragen ruwan Lome tireloli ne jere, da yawa masu haurawa Burkina da Nijar da Mali, ka ba su wuri kar ka kutsa tsakaninsu. Babban titin bakin teku shi zai kai ka har bodar Ghana, don Lome a jikin boda take. Uwargida in tana son atamfa babbar kasuwar Lome ta yi suna a kanta tun zamanin matan nan da ake kira Nana Benz, masu neman 'yan'uwa kuma Zongo na can Agoe, arewacin gari.

Abinci ba matsala ba ne in ka iya tambaya. A kudancin Benin da Togo da Ghana ana gasa alade da naman daji a bakin titi, wani lokacin kusa da mai kaza, don haka nama ka saya wajen mahautanmu, su ke riƙe da tsire a duk garuruwan nan. Kifi kuwa ci ka more. Ga abarba mai zaƙi ta Benin, ga wagashi cukun Fulani da ake soyawa, ga burodin Faransa da safe. Ruwa na roba kawai. Sauro akwai shi ko a rani, a tafi da gidan sauro da man shafawa, magunguna kuma su zauna cikin kwalinsu na asali. Salla kuwa matafiyi ne kai, ga rangwamen ƙasaru, buta da darduma a but, masallatai ba sa wuya a hanyar, in za ku zauna kwana huɗu ko fiye a Accra ka tambayi malaminka hukuncin cikawa tun kafin ku tashi.

Aflao ita ce bodar da ta fi cin lokaci ga mai mota, don kwastan ɗin Ghana sai sun shigar da motar a na'ura sun ba ka izinin wucin gadi, ga jama'a kamar ranar kasuwa. Ka iso da farar safiya, ka canza sidi, kuɗin Ghana, a nan, ka karanta kwanakin da aka rubuta maka, wuce su tara ce. Daga Aflao zuwa Accra wajen kilomita 190 ne, ta Denu da Akatsi da Sogakope. Gudun cikin gari 50 ne, babbar hanya 90, kuma 'yan sandan Ghana suna tsayawa da na'urar auna gudu a shigar ƙauyuka, ga tudun rage gudu barkatai, mota mai lambar waje kuwa ita ake fara hangowa. Kowa ya ɗaura bel. Wajen Sogakope za a sake duba fasfo, kar a cusa su ƙasan akwati. A nan za ka haye kogin Volta, masu talla za su kewaye motar da burodi da abolo da soyayyun ƙananan kifi, ka saya, burodin garin ya yi suna. Mai lokaci ya ratse a mahaɗar Kasseh ya shiga Ada ya ga inda Volta ke shiga teku. Daga Dawhenya zuwa Tema gosulo ne musamman da yamma, sannan ka hau titin nan mai kilomita 19 da Nkrumah ya buɗe a 1965 ya sauke ka Accra.

Accra a Disamba cike take, tun shekarar 2019 da suka gayyaci baƙaƙen fatar Amurka da Turai su dawo gida watan ya zama na baƙi da bukukuwa, kuɗin ɗaki kan tashi sosai, don haka a kama masauki tun da wuri kuma a kira a tabbatar ana gobe isowa. Nima da Maamobi da Sabon Zongo da Madina za ka ji kamar kana gida, koko da ƙosai da safe, waakye, wato shinkafa da wake, da hantsi, tuwon zafi da dare, Hausarsu da ɗan bambanci amma za ku fahimci juna sarai, jikokin fataken goro ne da tsofaffin sojoji da malamai da suka zauna tun kaka da kakanni. Juma'a a yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda wanda aka buɗe a 2021. Bakin ruwan Labadi in da iyali ne a je da safe, da yamma kiɗa ne da shaye-shaye. A cikin gari gara ka ajiye motarka ka hau tasi.

In da sauran kwana biyu a ƙarasa Cape Coast, wajen kilomita 150 yamma da Accra, amma a fita ana idar da asuba saboda cunkoson Kasoa. Ku shiga kurkukun bayi na Cape Coast da na Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ne masu duhu da 'yar taga a sama, ƙananan yara sosai gara a bar su waje da wani babba. Washegari dajin Kakum, gadojin igiya bakwai a saman itatuwa, a je da wuri kafin layi ya yi tsawo.

Dawowa ma kwana biyu ko uku za ka ba ta, ba a haɗa boda uku a wuni ɗaya don hutu ya ƙare. A kowace fita ka miƙa takardar motar a rufe ta, musamman a Aflao, in ba a rufe ba a na'urarsu motarka tana cikin ƙasar har yanzu. Tsaraba a yi ta daidai amfanin gida, atamfa turmi kaɗan, cakulan Ghana, man kaɗe, garin rogo. Buhun shinkafar waje da katan ɗin kaji ko talotalo na ƙanƙara da dilar gwanjo kar su shiga but ɗinka, haramtattu ne ta boda, kan buhu biyu sai a riƙe mota. Saƙon wani a ƙulle kuma kar ka karɓa ko waye shi, ko a masallaci kuka haɗu, sai dai ya buɗe ka ga abin da ke ciki. Seme a tsallake ta kafin azahar don a wuce Agbara da Okokomaiko da sauran rana. Kana isa Legas kafin ka kama hanyar Arewa ka kai motar wajen wanki a ɗaga ta a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi, iskar gishiri da yashin teku suna cin ƙarfe, a busa filtar iska, a sake duba birki da iskar taya.